Wane yadi ya dace da kujerun teburin cin abinci?

Maman Ikram: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina da kujeru shida na teburin cin abinci. Katakonsu lafiya lau, ko girgiɗi ba sa yi, amma yadin mazaunin ya gama aiki. Bakin gaba ya sile har ana hango soso, tsakiya kuma tabo ne kan tabo. Jinginar katako ce zalla, mazauni kawai za a rufe. Yara uku gare ni, autan bai cika shekara uku ba, ga mage, ga taga da rana ke shigowa ta cikinta tun daga la'asar. Ni raina ya kwanta da koren karammiski, maigida ya ce leda, ƙanwata ta ce lilin mai ruwan madara shi ake yayi. Wanda ya san kan abin don Allah ya fitar da ni.

Hajiya Kaka: Wa'alaikumussalam. 'Yata, fara cire lilin mai ruwan madara daga lissafi. Ƙanwar taki tana da yara kuwa? Lilin yadi ne mai kyau, ba ya riƙe zafi, amma shan ruwa gare shi. Shayi na zuba, kafin ki miƙe ki ɗauko tsumma ya shige ya isa soso. Ki bar shi ga labule.

Baban Walid: Maigida ya faɗi gaskiya, ki bi tasa. Leda kawai. Komai ya zuba sai ki sa tsumma ki share, magana ta ƙare. Ban ga abin muhawara a nan ba.

Mai Kushin: Baban Walid, akwai abin muhawara fa. Sake wa kujeru yadi shi ne sana'ata, kuma yawancin mazaunan da ake kawo mini na leda ne. Abin da mutane ke kira leda ba iri ɗaya ba ne, aƙalla kashi huɗu ne. Akwai fata ta ainihi. Akwai wadda ake niƙa ragowar fata a cakuɗa da roba a shimfiɗa kan ƙyalle, a sayar da ita da sunan fata. Akwai ta roba mai laushi da za ku ga an rubuta PU a jikin takardarta. Akwai ta roba mai kauri, PVC. Ta biyu da ta uku su ne masu ɗayewa. Za ka ga fuskar ta fara tsagewa a bakin mazauni, inda cinya ke gogawa, sai ta riƙa barbaɗowa tana manne wa mutane a bayan riga. Ba ta da gyara, sai dai a yaye a sa sabuwa.

Baban Walid: Malam, ai wannan rashin kula ne. Tamu muna goge ta kullum, har yanzu ƙyalli take.

Mai Kushin: Allah ya sa ta ɗore. Amma ba kula ba ce ke hana ta. Danshin iska da zafi da gumin jiki su ke cin robar PU a hankali, ko ana zama a kai ko ba a zama. Na sha buɗe kujerar da aka ajiye a ɗaki ba a taɓa ba, na tarar fuskarta ta narke tana danƙo. Taka wataƙila PVC ce. Ita tana daɗewa, sai dai idan ta tsufa takan ƙandare ta tsage, musamman wadda rana ke duka ko ake gogewa da sinadari mai ƙarfi. Kuma ka faɗa wa Maman Ikram gaskiya, idan ana zafi ka daɗe a kai, yaya kake ji idan ka zo tashi?

Baban Walid: To, wannan kam akwai shi. Tana kama jiki.

Uwargida: Ku ƙara da mage. Farcen mage ɗaya a kan leda huda ce ta har abada. Yadi ko ya huje zaren na komawa ya rufe wurin.

'Yar Saƙa: Bari in sa baki, don fannin zare da saƙa na karanta. Maman Ikram, kafin launi da komai, ki nemi takardar bayanin yadin. Yadin kujera na ƙwarai yana zuwa da lambar juriyar guga. Mafi yawa za ki ga an rubuta Martindale da lamba a gefe. Gwaji ne da aka ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1940: ana ɗaure ƙyallen a na'ura, a riƙa goga shi da yadin ulu ana zagayawa ta kowace fuska, ana ƙirgawa har sai zare biyu sun tsinke. Yadin da bai kai 15,000 ba na matashin ado ne da kujerar da ba a cika zama a kai ba. Daga 20,000 zuwa 25,000 ya ishi zaman gida na yau da kullum. Daga 30,000 zuwa sama shi ake sa wa kujerun otal da ofis. Ke da kike da yara, ki nemi 30,000 ko fiye. Idan yadin daga Amurka yake, wani gwajin za ki gani, Wyzenbeek, wanda ke goga gaba da baya a miƙe. A nasu lissafin 15,000 ya ishi gida mai hidima. Kada ki haɗa lambobin biyu ki ce wannan ya fi wancan, ba awo ɗaya ba ne, kuma ba a juya ɗaya zuwa ɗaya.

Maman Ikram: Ikon Allah. Ni ban taɓa sanin yadi na da lamba ba. Kenan in na samu mai 100,000 na huta?

Mai Kushin: A nan ne ni da Malama za mu ɗan saɓa. Lambar gaskiya ce, ban musa ba. Amma kujerar cin abinci ba guga ke fara kashe ta ba. Mutum nawa ne ke wuni a kanta? A zauna, a ci, a tashi. Abin da ke sa a kawo mini ita tabo ne, ko soso ya mutu, ko rana ta cinye launin. Da wuya in ga wadda zarenta ya tsinke alhali tana da tsabta. Yadi mai 100,000 da maiƙo ke kamawa ya ƙi fita, da mai 30,000 da ake wankewa da ruwa da sabulu, ni na biyun zan ba ki.

'Yar Saƙa: Ai ba mu saɓa ba, Malam. Ni ma ban ce a bi lamba ido rufe ba. Idan an wuce wajen 40,000 ko 50,000, ƙarin ba ya nuna wani abu a gida, ya zama kwalliyar talla. Amma ka lura da abin da ta ce a farko, bakin gaba ya sile har ana ganin soso. Wannan guga ce.

Mai Kushin: Guga ce, amma ki tambaye ta abin da ke ƙarƙashin yadin. Maman Ikram, danna tsakiyar mazaunin da tafin hannu. Kina jin katako?

Maman Ikram: Na danna yanzun nan. Ina ji kuwa, kamar babu komai a ciki. A bakin ma kaifin katakon ake ji.

Mai Kushin: To shi ke nan. Soson ya kwanta, yadin ya koma yana gogar kaifin katako kai tsaye, duk wanda ya zauna ko ya zame zai tashi yana ƙara yanka shi. Ko wane irin yadi kika sa a kan wannan soson, nan zai fara mutuwa. A canza soso tare da yadi. Ki ce a ba ki mai nauyi, wanda ya kai kilo 30 zuwa 35 a kowace mita ta tsawo da faɗi da tsayi, kauri santimita 5. Nauyi daban, tauri daban: akwai soso mai tauri amma shafal, yana da daɗin dannawa a shago, ba ya daɗewa yake lotsawa. Ki ɗaga ki ji a hannu. Sannan a sa fallen audugar roba tsakanin soso da yadi, ta sauko ta rufe bakin katakon. Ita ke hana yadi cije soso ya yi tamoji, ita ke sa mazauni ya yi tudu mai kyau. In da hali a goge kaifin katakon da takardar yashi kafin a rufe.

Ɗan Auta: Me zai hana a sa soso mai kauri sosai, kamar santimita 10, a ji daɗi?

Mai Kushin: Tebur zai hana. Yawancin teburan cin abinci tsayinsu wajen santimita 75 ne, mazaunin kujera kuma 45 zuwa 48. Ana son a bar tazarar 25 zuwa 30 tsakani. Ka ƙara soso da yawa, cinyar babban mutum za ta riƙa tokarar katakon da ke ƙarƙashin tebur, yaro kuma ƙafarsa ta ƙara nisa da ƙasa.

Maman Ikram: Na rubuta batun soso. To karammiskina fa? Kowa ya yi shiru a kansa, ko kunyata kuke ji?

Uwargida: Ni shi ne a kan nawa, kuma ina da mage biyu. Abin da na lura shi ne ba sa damuwa da shi. Farcensu ba ya samun abin kamawa, sai ya zame, su gaji su koma kan dardumar ƙofa. Gashinsu dai yana mannewa, kullum sai na bi da buroshi. Kuma ɓurɓushin abinci na shiga cikin gashin yadin.

'Yar Saƙa: Dalilin shi ne gashin karammiski yankakke ne, tsaye yake, babu zaren da ya lanƙwasa ya koma ciki balle farce ya saƙale shi. Wanda mage ke so shi ne irin yadin nan da ake yayi yanzu mai dunƙule-dunƙulen zare a fuska, da duk wani mai sakakkiyar saƙa. Ja ɗaya za ta yi zare ya biyo ta. Amma Maman Ikram, karammiski suna ne na salon saƙa, ba na zare ba. Sai kin tambayi da me aka yi shi. Na auduga da na siliki da na biskos, wani zaren masana'anta mai kama da siliki, ruwa na bar musu shaida, ko ruwan sha ne ya zuba ya bushe sai ki ga da'ira. Biskos ma ya fi muni, don zarensa rauni yake yi idan ya jiƙe, gashin ya kwanta ya ƙi tashi. Na poliyesta zalla shi ne na masu yara, yana jure ruwa da sabulu.

Hajiya Kaka: Ni dai ban yarda da yadin roba ba. Auduga mai kauri muka sani, ita muka yi renon yara a kanta. Ku 'yan yanzu komai sai roba.

'Yar Saƙa: Hajiya, da gaskiyarki ta wani ɓangaren. Auduga ta fi daɗin zama, ba ta tara gumi. Kuma poliyesta na da nasa aibin da masu sayarwa ba sa faɗa: ruwa ba ya kama shi, amma mai yana kama shi sosai. Shayi ko lemo ya zuba, ki dangwala tsumma ya fita. Amma yaro ya shafa hannu mai maiƙo, in ba a bi shi da sabulun wanke-wanke da wuri ba, sai wurin ya yi duhu ya zauna. Auduga kuwa komai tana sha, ruwa da mai da launi, ga koɗewa a rana. Bambancin shi ne a zamaninku ina jin ana cire ta a wanke, ko?

Hajiya Kaka: Ƙwarai kuwa. Riga ake ɗinka wa mazauni mai igiya ta ƙasa. Ta yi datti a kwance a wanke a mayar. Biyu-biyu nake da su, ɗaya na kan kujera ɗaya na cikin akwati. Ni har gobe ban ga abin da ya fi wannan ba. Sai dai a jiƙa yadin a shanya kafin tela ya yanka, in ba haka ba wankin farko zai tsuke ya ƙi shiga.

Uwargida: Rigar kujera tana zamewa fa Hajiya. Yaro ya yi motsi biyu ta karkace, kullum kina cikin gyara.

Hajiya Kaka: Telanki ne bai iya ba.

Baban Walid: To tunda kun ƙi leda, ku sa yadin da kuke so sannan ku lulluɓe da farar leda mai nuna ciki. An huta da tabo, an ga ado.

Ɗan Auta: Haba Baban Walid! Ka sayi karammiski don laushi sannan ka zauna a kan leda tana ƙara duk sanda ka motsa?

Mai Kushin: Ga kujerar autan kaɗai ba laifi, ina yi wa mutane haka, kujera ɗaya ko biyu, idan yaro ya yi wayo a cire. Amma duka shida ban ba da shawara ba. Ledar na yagewa a kusurwa, ruwa ya shiga ta nan ya rasa hanyar fita, danshi ya kwanta a ciki har yadin ya yi funfuna. Wanda kuma ya zaɓi leda ko fata a matsayin yadin kansa, a huda katakon mazaunin ramuka kaɗan don iska ta samu mafita. In babu, duk wanda ya zauna sai ta yi huci, ɗinki da ƙusa su riƙa shan wahala.

Maman Ikram: Saura batun rana. Kujeru biyu da ke gefen taga launinsu ya bambanta da sauran, kamar ba tare aka saye su ba.

'Yar Saƙa: Wannan ma akwai lambarsa. Ana auna juriyar launi ga haske daga 1 zuwa 8, takwas ita ce ƙarshe. Ga kujerar da rana ke duka, kada ki yarda da ƙasa da 5, in kin samu 6 ya fi. Wanda ya fi kowa juriya shi ne zaren da aka zuba wa launi tun yana ruwa, kafin a ja shi ya zama zare. Launin na cikin jikinsa gaba ɗaya, ba a fuska aka rina ba. Haka ake yin yadin kujerun waje, irin su yadin Sunbrella na zaren akirilik, da yadin roba da ake kira olefin. Yanzu ana yin su da laushi, mutane na sa su a cikin gida saboda yara. Wasunsu har da ruwan bilic da aka sirka ana wanke su launin bai fita ba, amma sai takardar yadin ta ce a yi. Olefin dai ba ya son zafi, yana narkewa a wajen digiri 160, don haka kada a ɗora masa tukunya ko dutsen guga. Shi ma kuma mai na kama shi.

Hajiya Kaka: Duk wannan dogon lissafi, ba sai ta riƙa sauya wa kujerun wuri ba? Na gefen taga su koma ciki, na ciki su fito. Su koɗe tare, babu mai ganewa. Ta kuma saki labule da la'asar.

'Yar Saƙa: Wallahi Hajiya kin fi ni. Wannan ba ya cikin littafi.

Uwargida: Ni launin nake so mu tattauna. Kowa cewa yake mai yara ya sayi mai duhu. Ƙarya ne. Baƙi da shuɗi mai duhu su suka fi tona asiri. Ƙura, gashin mage, ɓurɓushin burodi, madarar da ta bushe, duk fari suke fitowa a kai. Fari kuma ba sai an faɗa ba, har shuɗin sabon wandon jins yana ɗauka, kuma wannan shuɗin da wuya ya fita, ko a kan farar leda ne. Wanda ke rufa asiri shi ne na tsaka-tsaki, kuma wanda aka saƙa da zare kala biyu ko uku a gauraye. Ki duba shi kusa ki ga toka-toka da ruwan ƙasa da ɗan fari, ki ja baya ki ga launi ɗaya. Tabo ya faɗa ciki ya ɓace.

Maman Ikram: Koren da na gani mai duhu ne sosai, magen kuma fara ce.

Uwargida: To kin ji amsarki. Ki sauko zuwa kore mai ɗan haske, ko ki shirya riƙe buroshi safe da yamma.

Ɗan Auta: Ana ta tallan wani yadi da ake zuba masa ruwa ya dunƙule ya gangare bai jiƙa ba. Na ga bidiyonsa. Ba shi ne maganin duk wannan ba?

'Yar Saƙa: Iri biyu ne. Akwai wanda sinadari kawai aka fesa wa fuskarsa. Yana aiki da farko, amma zama da gogewa da sabulu na cinye shi, sai ya koma yadi kamar kowane. Akwai kuma wanda aka shigar da kariyar cikin zaren tun a masana'anta, wani ma har da shafe a bayansa da ke hana ruwa isa soso. Wannan ya fi ɗorewa. Ka tambayi wanne ne. Ka kuma sani cewa da yawa daga magungunan hana tabo na da ana yin su ne da sinadaran da ake kira PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa, shi ya sa ƙasashe da dama ke taƙaita su, masana'antu kuma suka fara rubuta cewa nasu babu. Wurin da yara ke cin abinci suna shafa hannu, ni zan nemi wanda babu. Kuma ko wanne ne, lokaci kawai yake ba ka ka ɗauko tsumma. Ka bar abu ya kwana a kai, zai shiga.

Mai Kushin: Ga abin da nake gaya wa duk wanda ya zo wurina yana ruwan ido. Kada ka zaɓa a shago. Ka karɓi ƙyalle kamar faɗin tafin hannu biyu daga kowane yadi da ya burge ka, ka kai gida. Ka shimfiɗa su a kan tebur. Ka ɗiga wa kowanne shayi a kusurwa ɗaya, man girki a ta biyu, ruwan tumatir a ta uku, ruwa zalla a ta huɗu. Ka bar su kwata ɗaya na awa, kamar yadda zai faru in yaro ya zubar bai faɗa ba. Sannan ka wanke da ruwa da ɗan sabulun wanke-wanke, ka bari su bushe sarai kafin ka yanke hukunci, don jiƙaƙƙen yadi duk tsaf yake. Kusurwar ruwa zalla ita ke ba mutane mamaki, nan ake gane mai barin da'ira. Bayan haka ka samu farin tsumma mai danshi ka goga da ƙarfi ka ga ko launi zai biyo shi, in ya biyo to zai biyo farar rigar baƙo. Ka ja ƙyallen ta kusurwa da kusurwa, ka ɗaga shi ga haske: in kana hango taga ta cikinsa, saƙar ta yi sako-sako. Ka karce shi da bakin mabuɗi a madadin farcen mage. Na ƙarshe, ka ɗora shi a kan kujerar ka dube shi da rana, ka sake dubawa da dare a hasken ƙwan ɗakin. Wani koren da dare toka yake komawa.

Baban Walid: Malam, in aka yi wannan gwajin da gaskiya leda ce za ta ci.

Mai Kushin: Za ta ci na tabo, ta faɗi a na mabuɗi. Ita za ta auna wanda ya fi damunta.

'Yar Saƙa: Ƙari a kan na Malam: wasu yadukan na da harafi a takardarsu da ke nuna yadda ake tsabtace su. W na nufin ruwa da sabulu. S na nufin ruwa bai dace ba, sai sinadarin wankin da ba ruwa. WS duka biyun. X kuwa ba a sa masa komai, sai buroshi ko injin zuƙe ƙura. Ga teburin cin abinci W ko WS kawai. Ki ga S ko X, komai kyansa ki ajiye. Kuma idan abu ya zuba, a dangwala ne daga gefe zuwa tsakiya, kada a dirza. Madara da ƙwai da ruwan sanyi ake fara bin su, ruwan zafi dafa su yake yi a cikin zaren.

Maman Ikram: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan karɓo ƙyallen karammiskin poliyesta, da na waje ɗin nan mai laushi, da mai gaurayen zare, har da ledar maigida don kada ya ce ba a yi masa adalci ba. Mita nawa zan saya in na zaɓa?

Mai Kushin: Auna mazauninki tukuna, ta inda ya fi faɗi, don yawanci gaba ya fi baya. A ce santimita 45 ne kowane gefe. Ki ƙara 5 na kaurin soso da 5 na naɗewa ƙarƙashi a kowane ɓangare, ya zama 65 kenan. Yadin kujera faɗinsa yawanci 137 zuwa 140 ne, don haka mazauni biyu na fita a jere ɗaya. Kujera shida jere uku, santimita 195, wato kusan mita biyu. Ni zan ce ki sayi uku. Ragowar ki naɗe ki ajiye a inda rana ba ta kaiwa, ranar da kujera ɗaya ta lalace ki sake mata ita kaɗai. Kuma a yanko miki duka daga bandir ɗaya. Bandir biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya sukan bambanta a rini, ba za ki gani ba sai an jera kujerun.

Uwargida: In mai zane ne lissafin ya canza fa. Fure babba sai an saita shi a tsakiyar kowace kujera, abin da ke tsakanin fure da fure asara ne. Mai ratsi kuma in ya karkace ko kaɗan ido na kamawa daga bakin ƙofa.

Mai Kushin: Haka ne, mai babban zane na iya cin ninki biyu. Karammiski ma yana da nasa sharaɗin ko da ba shi da zane. Ki shafa shi da hannu, ta wani gefen santsi, ta wani gefen yana tirjewa, kuma launin na canzawa. Dole duka shida su kwanta fuska ɗaya, santsin ya taho daga baya zuwa gaba. In mai aikin ya juya ɗaya don ya tsimi yadi, za ki ga kujera biyar kore ɗaya ta fi su duhu. Ki sa alli ki zana kibiya a bayan kowane yanki kafin a fara.

Ɗan Auta: Wai wannan aikin mutum ba zai iya yi da kansa ba? Naku na sana'a kada ku ɓoye mana.

Mai Kushin: Babu abin ɓoyewa, irin nata shi ne mafi sauƙi a duk aikinmu. Ka kifa kujerar, za ka ga noti huɗu a kusurwoyi, ka kwance, mazaunin ya fito. Ka sa wa kowane mazauni lamba tare da kujerarsa, don ramukan ba lallai su dace da na wata ba. Ka cire tsofaffin ƙusoshi duka, wannan ne mai cin rai. Ka shimfiɗa yadi fuska ƙasa, audugar roba, soso, katako a sama. Da bindigar ƙusa ka harba ɗaya a tsakiyar gaba, ka ja ka harba a tsakiyar baya, sannan dama da hagu. Daga nan ka riƙa tafiya daga tsakiya zuwa kusurwa, kana shafa yadin da tafin hannu maimakon fizga da yatsu, don fizga ke barin kwarin yatsa a baki. Kusurwa ita ce ƙarshe, a nan ake gane gwani. Kada ka rufe ramukan noti da yadi. Wanda zan ce kada ka taɓa shi ne kujera mai jingina a lulluɓe, ko mai maɓallai, ko mai igiyar ado a baki. Wannan ka kawo mana.

Maman Ikram: Malam, tsohon yadin dole a cire, ko a ɗora sabon a kai?

Mai Kushin: A cire. Ai ba za ki isa soson ba sai kin cire shi. Kuma duk abin da ya zuba shekara da shekaru yana nan a ciki, da kin wanke sabon da ruwa zai jiƙa ya taso ya ɓata shi ta ƙasa. Amma kada ki yar da shi nan take. Ki ɓare ɗaya a hankali ki shimfiɗa a kan sabon yadin ki yanka da shi, ki ƙara ɗan faɗi saboda sabon soson ya fi tudu.